Inda Latin ɗin Kawu Ya Tsaya

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar damina, muka binne shi ranar Laraba kafin azahar. Yau kwana tara ke nan. Tabarmi na nan a ƙofar gidansa a Maitumbi ba a naɗe ba, mutane na ta zuwa, kowa da abin da yake faɗa.

Matan coci sun ce an yi rashin uba. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce ita ranar Lahadi ce za ta dame ta, don shekara talatin tana jin tarinsa a bencin gaba, da shi take gane an kusa farawa. Abokan aikina na reluwe sun zo su shida, suka zauna, suka sha ruwa. Ɗaya ya ce, "Shi ne tsohon nan mai yaren Fadan coci?" Na ce shi ne. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. To yanzu wa ya gaje shi?"

Inna, wato mahaifiyata, ƙanwarsa ce. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ya huta, mu ma mun huta da taurin kansa." Sannan ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙin murhu ne.

Ƙaramin Kawu, autansu, Musulmi ne. Gidanmu haka yake, rabi coci rabi masallaci, tukunya ɗaya. Shi ya fi kowa daɗewa a tabarmar, da carbinsa a hannu. Wani ya ce masa, "Malam, ka yi rashin yaya." Ya ce, "Na yi rashin abokin faɗa. Yanzu in na faɗi magana, shi ke nan ta zauna. Ba daɗi."

Akwai kuma masu magana a kan abin da na yi a maƙabarta. Wasu sun ce na kyauta. Wasu sun ce abin kunya ne. Katikis, mataimakin Fada a coci, ya ce shi tun da ya fara aiki bai taɓa gani ba. Ni ban iya jayayya ba, kuma na gaji. Aji uku na yi a makaranta, na haura arba'in, aikina ɗaure ƙarfen layin dogo. Amma na samo littafin rubutu na zauna, don wanda ya ji rabin labari ya ji sauran, kuma don kada nan gaba a ce wai an yi wani tsoho mai taɓin hankali da ke waƙa a gona. Hankalinsa ƙalau. Abu ɗaya ya roƙa a duniya, a raka shi kabari da waƙar Latin yadda aka raka matarsa. Ni ya ɗora wa.

Kawu bai iya karatu ba, ko sunansa da yatsa yake dangwalawa. Yana saurayi ya shiga ɗaukar wa wani Fada Bature, limamin coci, kaya, lokacin da ake zaga ƙauyuka a ƙafa. Mu Gbagyi a kafaɗa muke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Ya ce kunnensa ɗaya na manne da akwati, ɗayan kuwa a buɗe. Fada na gaba yana rera addu'o'insa, Kawu na baya yana kwashewa. Wata rana Fada ya yi tuntuɓe a tsakiyar waƙa, ya tsaya yana duba yatsansa, sai ya ji an ci gaba daga baya. Ya juyo ya dube shi. Daga ranar Kawu ya zama mai amsa wa Fada a gaban bagade, wato teburin sujada.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, sai an yi musu bayani. Dā duk sujada da Latin ake yi. Fada ya faɗi nasa, wani ya amsa a madadin jama'a, mawaƙa su rera, sauranmu mu durƙusa in an durƙusa, mu tashi in an tashi. Ni dai ban taɓa jin ko kalma ɗaya ba. Na taɓa tambayarsa muna dawowa daga coci.

"Kawu, wai kana jin abin da kake faɗa?"

"Ina ji."

"To wannan doguwar da ka yi ka sunkuyar da kai, me ka ce?"

"Na ce a yi haƙuri da mu."

"Duk tsawon nan?"

"Laifin namu gajere ne?"

Yana da ƙa'idodinsa. Ba ya rera Latin da hula a kai, ko a gona, ko rana na dukansa. Ba ya rerawa sai ya kurkure baki. In ya ci goro, ya fasa ke nan sai wani lokaci. Kafin ya fara sai ya yi tari biyu, gajeru. Muryarsa ba ta da daɗi irin na mawaƙa, kauri ne da ita kamar ana jan turmi a ƙasa, amma ba ta kaucewa.

Cocinmu a lokacin cike take da mutanen da jirgin ƙasa ya kawo. Ga Ibo, ga Tibi, ga mutanen kudancin Zariya, ga Yarbawa, ga mu 'yan gida. Kawu yana cewa, "A kasuwa mai Hausa ya fi ka baki. A ofis mai Turanci ya fi ka baki. A coci kuwa kowa baƙo ne, har Fadan, don shi ma ba da Latin uwarsa ta yi masa rarrashi ba." Wannan ya fi komai yi masa daɗi. Mutumin da akawu ke yi wa tsawa a asibiti ranar Litinin, ranar Lahadi shi ke gaba, akawun na baya yana bin bakinsa.

Matarsa ta rasu shekara biyu bayan an sami 'yancin kai. Mama muke ce mata. Mace ce mai shiru, Gbagyi kawai take ji, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da cinikin gishiri ba. Ba a yi wata jana'iza irin tata a unguwar ba. Akwai waƙar da ake raka gawa da ita daga ƙofar coci har bakin kabari, ba Fada ke yin ta ba, jama'a ke yi. Kawu ya ƙirga ta layi ashirin da huɗu. Ranar mawaƙa sun cika, malaminsu, wani Ibo mai aiki a tasha, yana gefen dama, Kawu na gaba ba hula. Aka kai layin ƙarshe daidai lokacin da aka sauke akwati. Da muka koma gida bai ce komai ba sai, "An raka ta da kyau." Ya daɗe yana maimaita maganar nan.

Ɗansa guda ne namiji, taubashina, wanda nake ce wa Akawu tun kafin ya zama akawun. Shi ya yi karatu mai zurfi, har Latin aka koya musu a kwaleji, da littafi da jarrabawa. Ya zo hutu wata shekara, muna zaune a gindin mangwaro ana cin doya da manja, sai ya ce, "Baba, ka san rabin abin da kake rerawa ba daidai ba ne? Kana haɗe kalma biyu ka mai da su ɗaya. Akwai wurin da kake cinye ƙarshen kalma gaba ɗaya."

Kawu ya ci gaba da tauna.

Na ce, "Akawu, ci doyarka."

Bai ji ba. Ya ce ai Latin babban abu ne, ba waƙar coci kawai ba. Alƙalai na yanke hukunci da shi, likitoci na rubuta magani da shi, malaman gona na kiran kowace bishiya da sunanta a cikinsa. Ya ce hatta baƙaƙen boko, waɗannan da nake rubutu da su yanzu, daga wurin masu shi aka samo. Kawu ya ji daɗin wannan, na ga ya gyara zama. Sai yaron ya ƙara da cewa, "Amma fa mataccen harshe ne. Babu garin da ake ciniki da shi. Masu shi sun mutu tun tuni."

Kawu ya ce, "Sun mutu?"

"Duka."

"To ai can za ni. Gara in je na iya gaisuwa."

Muka yi dariya, Kawu bai yi ba. Maganar rabin waƙarsa ba daidai ba ce ta zauna masa. Damina guda cur bai yi wa ɗansa magana ba. In yana so a miƙo masa ruwa, sai ya ce wa Inna, "Gaya wa mai littafi ƙishirwa nake ji, in ya yarda na faɗe ta daidai." Sai da yaron ya durƙusa a gabansa ranar komawa makaranta. Kawu ya sa masa albarka, ya ce, "Kai ka san abin da take nufi, ba ka iya rerawa ba. Ni na iya rerawa. In aka kawo gawa, wa za a kira a cikinmu?"

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Aka ce manya sun zauna a Roma, sun ce kowa ya yi sujada da harshen da yake ji. Aka janyo bagade daga jikin bango, Fada ya zagaya ya fuskanci jama'a. Kawu ya ce, "Dā yana gaba muna biye, duk muna kallon wuri ɗaya. Yanzu ya koma bayan tebur yana kallonmu kamar mai kanti." Ana cikin haka rikici ya tashi, mutanen gabas suka kwashe. Kawu ne ya ɗauki akwatin malamin mawaƙa a kafaɗa har tasha, da rana tsaka, lokacin da mutane ke tsoron a gan su tare. Ya tsaya har jirgi ya tashi. Rabin mawaƙa a jirgin nan suka tafi. Bayan yaƙi wasu sun dawo, malamin bai dawo ba. Kafin nan an buga littafin Hausa, an naɗa sabon katikis, mata sun shigo da tulu da kacau-kacau.

Zan faɗi gaskiya ko da a kan mamaci ne. Ni na ji daɗin canjin. Ranar farko da aka yi da Hausa, Inna ta fito tana cewa, "Ashe abin da ake ta faɗa ke nan shekara da shekaru." Kawu bai daina zuwa ba, ko Lahadi ɗaya. Yana bencinsa na gaba. Fada ya faɗa da Hausa, jama'a su amsa da Hausa, shi kuma ya amsa da Latin ƙasa-ƙasa, ya riga kowa ko ya zo bayan kowa, har na kusa da shi su rikice. An yi masa magana sau biyu, aka gaji aka bar shi.

Ƙaramin Kawu ya samu abin tsokana. Ya ce, "Yaya, ku kun cika gyare-gyare. Mu yadda aka bar mana haka muke yi."

"Kai ɗin Larabcin kake ji?"

"Ina jin wanda ya ishe ni."

"Ni ma haka. Amma kai ba a zo an ƙwace naka ba."

Ƙaramin Kawu ya koma jan carbinsa. Bai sake tsokanarsa a kan wannan ba.

Da aka kawo mana sabon Fada, ɗan ƙasa, saurayi mai keke, Kawu ya ce in raka shi wurinsa. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa duk da an ba shi kujera.

Ya ce, "Fada, matata da Latin aka raka ta. Ni ma da shi nake so."

Fada ya ce, "Baba, Allah yana jin kowane harshe. Ba ya bambantawa."

"Na sani. Ba shi nake ji ba. Ita nake ji."

"Kamar yaya?"

"Matar nan ba ta jin Hausa. Ta san waƙar da aka kai ta da ita. In ta ji ana tahowa da ita, za ta san na gida ne, ta fito ta tare ni. In ta ji Hausa, cewa za ta yi baƙin wani ne, ta ci gaba da aikinta. Wurin nan kuwa an ce da yawan jama'a. Ina zan neme ta?"

Na ɗauka Fada zai yi dariya ko ya yi masa wa'azi. Bai yi ba. Ya ce, "Baba, in ina gari, zan yi nawa da Latin. Amma ka san rabin wata ina ƙauye. Waƙar rakiya kuma ta jama'a ce. Ka nemi wanda za ka koya wa."

Ya nema, shekara da shekaru. Samarin mawaƙa suka zo sau biyu, suka yi ta ƙyalƙyala dariya, ya kore su. Akawu an tura shi aiki Sakkwato. Sai ya juyo kaina. Na ce masa, "Kawu, dube ni da kyau. Hausar ma da ƙyar nake karantawa. Coci sai Kirsimeti. Asabar ɗina ta gidan burkutu ce. Nemi wani." Ya ce, "Na ji." Bai sake tayar da maganar ba.

A daminar wannan shekarar, ƙyanda ta shiga Barkin Sale, inda nake zaune. Ta ɗauke mana 'yarmu ta ƙarshe, shekararta uku. Ba zan yi dogon bayani ba. Fada na ƙauye. Kafin in san inda kaina yake, Kawu ya riga ya je ya haƙa kabarin da hannunsa, tsoho da shi. Katikis ya karanta nasa da sauri don hadari ya haɗo, mutane suka fara gudu. Ruwa ya sauko. Ni da matata muka tsaya. Sai na ji tari biyu a bayana. Kawu ya cire hula ya rera waƙar nan tun daga farko har ƙarshe, ruwa na shiga bakinsa, bai yi sauri ba, bai tsallake ba. Da ya gama ya dafa matata ya ce, "Ƙarama ce, ba ta san hanya ba. Yanzu Mamarku ta ji, za ta fito ta ɗauke ta." Tun da yarinyar ta kwanta ciwo matata ba ta ci abin kirki ba. Ranar ta ci.

Da ruwa ya ja baya, lokacin tara tulin ƙasa na shuka doya ya yi, na ɗauki garma ranar Asabar bayan an tashi aiki, na nufi gonarsa ta wajen Tagwai. Ya gan ni, bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya ce, "Kurkure bakinka. Cire hular."

Ga yadda yake koyarwa. Layin waƙa ɗaya, jerin tuli ɗaya. Ya rera, in maimaita ina sara, kowace gaɓa da saranta. In na kai ƙarshen layin waƙa, tuli ya tashi. In na faɗa daidai, mu matsa gaba. In na kuskure, ba ya cewa komai, sai ya sa ƙafa ya rushe tulin, in sake. Ba a shiga sabon layi sai tsohon jeri ya kai bakin gona babu rusasshe. Ya ce shi da tafiya ya koya, ƙafa ce ta riƙe masa. Ni hannu zai riƙe mini, tun da kan ba shi da kirki.

Harshena ya sha wuya. Akwai kalmomin da sai ka ji kamar ka cika baki da tsakuwa. Layi na huɗu ya ci mini Asabar uku. Masu wucewa zuwa kamun kifi su tsaya suna kallo, ƙato da gemu yana waƙa tsoho na rushe masa aiki. Ƙaramin Kawu, da gonarsa ke maƙwabtaka, ya kan leƙo ya ce, "Yaya, bana doya za ka ci ko Latin?" Kawu ya ce, "Wadda ta fara nuna."

Shekarar farko na samu layi tara. In ina bin layin dogo da guduma sai in ji bakina na yi shi kaɗai, har abokan aiki suka sa mini suna Ƙaramin Fada.

Shekara ta biyu ce na yi abin da nake nadama. Muna layi na goma sha uku, rana ta yi zafi, ya rushe mini tuli ɗaya sau biyar. Na biyar ɗin na rantse daidai na faɗa. Na jefar da garma na ce, "Kawu, ɗanka ma ya ce rabinta ba daidai ba ce. A kan kuskure kake wahalar da ni?" Ya dube ni. Ya sunkuya ya ɗauki garmar, ya share mata ƙasa, ya jingine ta a bishiya. Ya ce, "Da wannan kuskuren aka kai ta. Shi ta sani." Na tafi. Asabar bakwai ban koma ba. Da na koma, garmar na nan inda ya jingine ta, bai ce mini komai ba sai, "Sha uku." Amma lokacin tuli ya kusa wucewa, ƙasa ta fara tauri. Muka tsaya a sha bakwai. Ya ƙi koyarwa a zaune, ya ce ba za ta zauna ba. Ya ce baɗi sai mu ƙarasa, bakwai ne kawai.

Bana tun farkon damina ƙirji ya kama shi. Abin da ya fara tafiya muryar ce. Na zauna a bakin gadonsa na ce, "Kawu, bar maganar tuli, ba ni na sha takwas haka nan." Ya yarda. Ya yi nuni a ba shi ruwa ya kurkure baki. Ya buɗe baki, iska kawai ke fita. Ya sake, ya sake. Na kai kunnena har bakinsa, ban tsinci komai ba. Sai ya juya fuska bango. Ban taɓa ganin Kawu ya ji kunya ba sai ranar.

Na je wurin Fada. Na same shi yana ɗaure kaya a keke. Ya ce yana da ita a littafi, in ya dawo nan da mako biyu zai koya mini sauran. Da na je tun makon da Inna ta fara ce mini in je, da na same shi a zaune. Na yi ta cewa gobe. Na koma na gaya wa Kawu mako biyu. Ya ɗaga yatsu biyu ya dube su, ya mayar da hannun.

Kwana shida ya yi. Aka aika wa Fada, kogi ya cika, ba a haye ba. Aka buga wa Akawu waya, tafiyar kwana biyu ce. Gawa ba ta jira a damina.

Ranar Laraba katikis ya yi nasa a coci da Hausa, ya yi da kyau, ba ni da abin cewa. Da aka fito da akwati ƙofa, mawaƙa suka ɗaga littafi. Na ce su dakata. Na cire hula na shiga gaba. Ban shirya komai ba, na dai san sha bakwai gare ni, hanya kuma ta ashirin da huɗu ce. Na ce wa masu ɗauka su riƙa sauri kaɗan, ni kuma na ja waƙar a hankali yadda zan iya. Hannuna na dama sai sara yake a iska, ban iya hana shi ba. Wasu 'yan mata suka fara dariya, wata tsohuwa ta daka musu harara. Bayan layi na biyar ban ƙara jin motsin kowa ba sai takun ƙafa a laka.

Dabarar ba ta isa ba. Mun shiga maƙabarta, ina hango ramin da aka haƙa kusa da kabarin Mama, bai fi taku ashirin ba, sai layi na sha bakwai ya ƙare. Na tsaya. Masu ɗauka suka tsaya don na tsaya. Na juya na dubi tsofaffin da suka san zamanin Latin, ko wani zai kama. Wata ta motsa baki, ba abin da ya fito. Katikis ya buɗe littafinsa zai sa waƙar Hausa. Ƙaramin Kawu, da ya biyo mu daga baya-baya, ya matso ya dafa littafin ya ce, "Dakata, Malam. Bai gama ba."

Ni kuwa na gama. Ba ni da ko kalma. Tsoho na kan kafaɗun mutane, taku ashirin tsakaninsa da matarsa.

Sai na taka ni kaɗai har gaban kabarin Mama. Na ɗaga murya da Gbagyi, yadda ake yi in an zo ƙofar gida. Na ce, "Mama, ni ne, ɗan ƙanwar mijinki. Waƙar da kika ji taku ce, ba baƙin wani ba ne. Saura layi bakwai. Ban iya ba, laifina ne, ba nasa ba. Ya so ya kawo miki ita cikakkiya, shekara goma yana neman mai ɗauka. Ga shi can a tsaye. Ki fito ki shigo da shi."

Na tsaya kamar yadda mai sallama ke tsayawa. Ban san tsawon lokacin ba. Babu wanda ya yi tari. Sai Inna ta ce daga cikin mata, "Ku ƙaraso da shi. Ta ji." Aka ƙaraso da shi shiru, ba waƙa, aka sauke.

Abin da na yi ke nan. Wanda ya ce ba a littafi yake ba, gaskiyarsa. Akawu ya iso ranar Alhamis, aka ba shi labari, ya je maƙabarta shi kaɗai, ya dawo ya zauna kusa da ni. Bai gyara mini komai ba.

Shekaranjiya Fada ya dawo, ya zo gaisuwa da lakar hanya a wandonsa. Ya zauna a tabarma, ya ji duka daga bakin katikis. Ya juyo ya ce mini, "Alkawarin na nan. Ka zo in ba ka bakwai ɗin."

Na ce, "Fada, mai ita ya tafi. Wa zan rera wa?"

Inna ce ta amsa, daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ka je ka koya. Ni da Hausa za a yi mini, ina so in ji abin da ake faɗa a kaina. Amma in an kawo ni ƙofar maƙabarta, ka yi masa tasa, cikakkiya. In ba haka ba mai taurin kan nan ba zai fito ya tare ni ba."

Asabar zan je. Allah ya ba Kawu hutun da bai ba bakinsa ba, ya sa ta fito, ya sa sun gane juna.